Shekarar da Aka Tilasta wa Baba Hutu

Tun da na yi wayo ban taɓa jin an ce Baba ya ɗauki hutu ba. Darakta ne a wata ma'aikata ta jiha, muna zaune a GRA cikin wani tsohon gidan gwamnati mai dogayen tagogi da itatuwan mangwaro waɗanda suka girme mu duka. Abin da muka fi sani nasa shi ne ƙarar mota idan ta fita da sassafe, da ƙamshin turaren da yake bari a baranda. Abinci sai dai a zuba a kula a bi shi da shi. Asabar akwai mitin, Lahadi akwai baƙi daga Abuja. Idan Disamba ta kama kuwa, lokacin da suke haɗa kasafin shekara mai zuwa, sai mu koma kamar ba mu da uba a gari. Ba mugun mutum ba ne, kuma ba mafaɗaci ba. In ka tare shi da magana zai tsaya, amma idonsa na kan waya, ya ce, "To, to, Allah ya kyauta," ya wuce.

Shekarar da na gama jami'a, ina zaman jiran tafiya bautar ƙasa, aka dawo da shi gida da rana tsaka, mutum biyu suna riƙe da shi. Farkon Disamba ne. Wai yana cikin sa hannu a takarda biro ya suɓuce masa, ya sunkuya zai ɗauka, ya kasa ɗagowa. Likita ya ce jininsa ne ya hau, saura ƙiris ɓarin jikinsa ya shanye. Ya rubuta masa hutu har sabuwar shekara, ya hana shi gishiri, ya hana shi tuƙi, ya hana shi waya. Na gaba da shi a ofis ya zo dubiya, ya ce ko a bakin ƙofar ma'aikata aka gan shi zai sa masu gadi su mayar da shi gida. Aka janye motar ofis da direba. Mama ta karɓe wayoyinsa ta kashe, ta sa a ƙasan akwatin kayanta ta kulle.

Kwanakin farko tausayi ya ba ni. Da ya ɗan ji ƙarfi, kullum da safe sai ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya kafa hula, ya fito falo ya zauna, ba inda za shi. Ya duba agogo, ya miƙe, ya zagaya gidan, ya dawo. Wata rana ya tsaya gaban bishiyar gwaiba da ke bayan kicin ya tambayi Mama yaushe aka dasa ta. Ta ce, "Alhaji, ai gwaibar nan ta ga yayen auta." Ya tambayi labarin maƙwabcinmu na dama, aka ce masa an yi masa canjin aiki tuntuni, waɗanda ke gidan yanzu ma su ne na biyu bayansa. Kuma a kai a kai sai ka ga ya zabura yana lalube aljihu.

"Ba waya ce take ƙara ba?"

"Babu wayar da ke ƙara, Baba."

Sai ya karkata kai ya ci gaba da saurare, kamar mu ne ba mu ji ba.

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti, Mama ta tafi gidan suna, ya leƙo ɗakina ya ce in ɗauko mukullin ƙaramar motarta. Ban daɗe da koyon tuƙi ba, kuma bai taɓa shiga motar da nake tuƙawa ba. Na tambaye shi ina za mu, ya ce Gwallaga. A can ya yi ƙuruciyarsa ta birni, a gidan wani ɗan'uwa, lokacin da aka kawo shi makaranta daga ƙauye. Na ɗauka tsohuwar unguwa yake son gani. Yana cikin nishaɗi ranar, har yana tsokanata wai ina riƙe sitiyari kamar mai tatsar saniya. Muka kutsa cikin 'yan keke napep da 'yan acaɓa, yana nuna mini hanya da hannu: bi nan, karya dama, wuce masallacin nan. Sai da ya ce in tsaya a gaban wani jerin shaguna sannan na gane inda muka zo.

Baba yana da aboki guda ɗaya tak wanda ba na ofis ba. Kirista ne, mutumin kudancin jiharmu, tare suka yi makarantar kwana. Ya yi shugaban makarantar firamare har ya yi ritaya, daga nan ya buɗe ɗan shagon littattafai da kayan rubutu a Gwallaga, kowa Hedimasta yake ce masa, har Baba. Duk Kirsimeti matarsa takan aiko mana da shinkafa da miyar kaji da bokitin cincin, mu kuma da Babbar Salla mu aika musu da cinyar rago. Hedimasta ya rasu. Damina biyu ta wuce a kansa. Na sani, duk gidanmu an sani.

Kafin in buɗe baki Baba ya fita daga mota. Shagon ya koma na sayar da caja da rigunan waya, an yi masa fenti ja. Ya tsaya yana duban sama da ƙasa, sannan ya juya wajen wani dattijon tela da ke maƙwabtaka da shagon, yana kan keken ɗinkinsa a bakin ƙofa. Suka gaisa, telan ya gane shi, har ya miƙe.

"Ina Hedimasta ya koma da shago?" in ji Baba da fara'a. "Ko ya yi kuɗi ya bar ku?"

Telan ya dube shi, ya dube ni da na fito na tsaya jikin mota, ya sake dubansa.

"Ranka ya daɗe, wane Hedimasta?"

"Hedimasta nawa gare ku a layin nan?"

"Ai ya riga mu gidan gaskiya, Alhaji. An kwana biyu. Ranar da aka binne shi ma na ga motarka, da mutanenka, har da buhun shinkafa."

Baba bai motsa ba. Wani mai keke napep ya yi ta danna masa oda don ya tare hanya, bai ji ba, sai da telan ya kama hannun rigarsa ya jawo shi gefe. Can Baba ya ce, da wata murya ƙasa-ƙasa, "Ba a gaya mini ba." Telan ya koma ya zauna, amma bai taka keken ba har muka bar wurin.

A cikin mota mun daɗe ban tayar ba.

"Kin sani?"

"Na sani, Baba. Kai ma an gaya maka."

"Wa ya gaya mini?"

"Mama. Ina wurin, na zo hutu. Kana ɗaura agogo za ka fita. Ka yi salati, ka ce a tura direba da shinkafa, kai za ka je da kanka in an tashi daga mitin."

Ya rufe ido. Na ga leɓensa yana motsi, kamar yana neman safiyar nan a cikin kansa. Ban san ko ya same ta ba.

"Amma bara mun ci cincin," ya ce. "Na tuna. Har na ce a gaishe shi."

"Matarsa ce ta aiko. Ba ta fasa ba."

"Kuma da na ce a gaishe shi ba wanda ya ce mini komai?"

"Kana bakin ƙofa, Baba. Mun ɗauka bakinka ne ya suɓuce."

Ya ce in kai shi Yelwa, gidan Hedimasta.

Mun tarar da gidan cike da hidima. An ɗaure akuya a gindin gwanda, 'yan mata suna kitso a tabarma, matar Hedimasta kuma tana gaban babban kasko tana suyar cincin, ta ɗaure kai da tsohon ɗankwali. Da ta ɗaga ido ta ga Baba sai ta saki matsamin ta tafa hannu.

"Alhaji! Yau ruwa za a yi a Disamba. Shigo, shigo. Ke 'yata, haka kika girma?"

Ta sa aka buɗe falo, ta nuna masa wata kujera mai hannu, wadda zaman mutum ɗaya ya lotsa tsakiyarta. Baba bai zauna ba. Ya tuɓe takalmi, ya tattare babbar rigarsa, ya durƙusa a gabanta a kan siminti. Ya yi mata gaisuwar mutuwa tun daga farko, yadda ake yi ranar da aka yi rashi: ya haƙuri, Allah ya ba da dangana, Allah ya raya abin da ya bari. Da farko ta yi dariya tana cewa ya tashi, ya tashi, wannan ai ya wuce. Sai dariyar ta karye. Ta zauna a hannun kujera ta sa gefen zane a fuska ta yi kuka sosai. 'Yan matan da ke waje suka yi tsit. Cincin ɗin da ke wuta ya ƙone, ƙaurin ya cika gidan, ba wanda ya tashi.

Da ta natsa ta ba shi labarin jinyar. Ta ce ya daɗe a asibiti. Baba ya tambaye ta me ya sa ba a kira shi ba tun yana kwance.

"Shi ya hana," ta ce. "Yara sun so su je ofis ɗinka. Ya ce ku bar shi, jihar nan duka a kansa take, in ya samu sarari zai zo da kansa." Ta share ido. "Akwai talabijin a ɗakin marasa lafiya. Wata rana aka nuno ka kana buɗe wani taro. Ya ta da na kusa da shi, ya ce ku duba, abokina ne, gadonmu ɗaya a makaranta, shi sama ni ƙasa. Ranar har abinci ya ci."

Ba da zargi ta faɗa ba. Ta faɗa ne don ta faranta masa. Ni kuwa da na kalli fuskar Baba na so a ce zaginsa ta yi.

A bango akwai kalandar da aka buga ta jana'iza, da hoton Hedimasta babba a tsakiya. Baba ya miƙe ya je gabanta ya tsaya. Wani tsoho ne a hoton, kansa fari fat, kumatu sun faɗa, gilashi ya yi wa fuskar yawa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ya tambaye mu, tsakaninsa da Allah yake tambaya, "Yaushe ya tsufa haka?"

Da muka koma gida ya iske Mama a kicin, ko mayafi ba ta cire ba. Bai yi mata faɗa ba, ita ma ba ta yi masa na fitar da muka yi ba, don tana ganin fuskarsa ta gane. Ya jawo kujerar tsuguno ya zauna, abin da bai taɓa yi ba.

"Wa kuma?" ya ce.

"Alhaji, likita ya ce ka huta."

"Hutun nake yi. Wa kuma?"

Ta ce ba za ta zauna ta jera masa matattu kamar mai kiran sunan 'yan aji ba. Amma kullum sai ya tambaya, ita kuma kullum sai ta faɗi ɗaya. Limamin ƙaramin masallacin da ya yi karatun allo a gabansa. Tsohuwar da take ba shi wainar masa kyauta a hanyar makaranta, wadda da bakinsa ya sha ba mu labarinta. Wani ɗan ajinsu da ya yi hatsari a hanyar Jos. Kowanne an gaya masa a lokacinsa, kowanne ya aika. Wasu yana jin sunan sai ya ce, "E, na tuna." Wasu kuwa sai ya yi shiru, ka ga mutuwar yanzu take isa gare shi.

Haka muka cinye sauran kwanakin nan, ni da shi, gida-gida. Da hantsi mu fita, azahar mu dawo ya sha magani. Wasu sun karɓe shi hannu bibbiyu, suka yi ta sa albarka. A wani gida ɗan mamacin ya saurare shi a tsaye a zaure, ya ce, "Mun gode, mun riga mun yi haƙuri," bai ko shimfiɗa tabarma ba. A gidan liman kuwa, bayan an shafa fatiha, wani dattijo ya matso kusa da shi ya rage murya ya ce, "Alhaji, takara za ka fito ne? In ita ce ka faɗa mana da wuri." Baba ya yi murmushi ya ce a'a. Amma da muka shiga mota ya ce mini, "Kin ji ko? Ba su ga dalilin da zai kawo ni ba sai wannan. Kuma ba su yi laifi ba."

Akwai sunan da yake ta kewayewa bai tambaya ba. Na lura, Mama ma ta lura. Goggo ce, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta raine shi bayan mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami. Tana Zungur, inda danginmu suka ajiye sanda suka zauna tun zamanin kakanni, suna noma, da 'yan shanun da suka rage. Duk wata direba yana kai mata kayan abinci da sabulu da magani. Shi kansa Baba na kasa tuna rabonsa da garin. Shekara tana gab da ƙarewa, wata safiya yana shan kunu, ya ajiye kofin ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Goggo fa?"

"Tana nan da ranta," in ji Mama. Na ji ya sauke numfashi. Ta ƙara da cewa, "Amma ka je."

Hanyar Zungur ranar duk amalanke ne da babura ɗauke da dammunan dawa, kaka ta yi kyau. Gidan yana nan yadda na san shi ina yarinya, katangar ƙasa, rumbuna a tsakar gida, garke a baya. Ɗan Goggo ya tafi gona, matarsa ce ta tarbe mu, ita ce mai kula da tsohuwar. Tun a tsakar gida ta ja Baba gefe ta ce idon Goggo ya tafi, hankalin kuma yana zuwa yana komawa, kada ya damu da abin da zai ji.

Ɗakin da ɗan duhu, yana ƙamshin hayaƙi da man shanu. Tana zaune a bakin gado, ta ƙanƙance kamar yarinya, an lulluɓa mata bargo saboda sanyi. Baba ya yi sallama. Ta ɗaga kai da sauri.

"Hamma? Kai ne?"

Hamma take ce wa yayanta, wato kakana, wanda ya rasu tun ba a haife ni ba. Daga baya mutanen gidan suka gaya mini muryar Baba ta koma tasa sak, har yadda yake jan sallama.

"Goggo, ni ne," in ji Baba, ya durƙusa a gabanta.

"Na san kai ne. Ka daɗe. Ina ka baro shanun?"

"Goggo, ɗanki ne. Na Bauchi."

"Shi nake son in tambaye ka." Ta lalubo hannunsa ta riƙe gam. "Yaron nan tun da kuka kai shi boko bai dawo ba. Na ce maka kada a kai shi, ka ƙi ji. Yana lafiya?"

Baba ya juyo ya dube ni. Ban san abin da yake nema a fuskata ba, kuma ba ni da shi. Ya sake juyawa gare ta.

"Yana lafiya," ya ce.

"Suna ba shi abinci? Ka san shi, ba ya ci in ba a zauna kusa da shi ba. In aka ajiye masa aka tashi, haka zai bar shi."

"Suna ba shi."

"To me ya hana shi zuwa? Kowa ya dawo, ɗan gidan maƙera ma ya dawo."

"Aiki ne ya yi masa yawa."

Ta saki hannunsa ta buga cinya. "Wane irin aiki, yaro ƙarami? Hamma, ku ji tsoron Allah. Ka ce su sake shi ya zo ya huta. An yi kaka, ga nono, ga sabuwar dawa. In ya huta sai ya koma."

"Zan gaya masa."

Ta kai hannu fuskarsa tana shafawa, goshi, kumatu, gemu. Ta ce, "Ka rame. Kai ma ba ka hutawa." Sai ta ji motsina a bakin ƙofa ta tambaya wace ce. Baba ya ce, "'Yar yaron ce." Ta ƙyalƙyale da dariya har da tari, ta ce Hamma ba ya rabo da wasa, yaron da ko kaciyarsa ba ta daɗe da warkewa ba. Ta sa aka dama fura, ta ce sai ya sha a gabanta. Ya sha, tana riƙe da gefen ƙwaryar, tana ba shi labarin mutanen da suka mutu tun kafin a yi kwalta a hanyar garin, wane ya sayar da bijiminsa, wance ta haihu. Yana amsawa, "To. Madalla. Allah ya raya." Wannan karon ba inda idonsa yake sai a kanta.

Da barci ya ɗauke ta muka fito. A bayan gida mata suna sussukar dawa, ana jin bugun sanduna da hirarsu. Akwai wata tsohuwar tsamiya kusa da garke, an shimfiɗa tabarma a gindinta. Baba ya yi azahar a nan. Da ya sallame bai tashi ba. Ya cire hula ya ajiye, ya naɗe babbar rigarsa ya yi matashi da ita, ya kishingiɗa. Na je na taya matar gidan tsince wake. Da na dawo na same shi yana barci.

Sai a lokacin na gane ban taɓa ganin mahaifina yana barci ba. Ko lokacin da yake jinya, ɗaki a rufe yake, Mama na gadin ƙofa. Na tsaya a kansa ina kallo. Bakinsa a ɗan buɗe, hannu ɗaya ya zube a ƙasa, tafin yana kallon sama. Duk abin da na sani a fuskar nan ya sauka daga kanta, ta zama ta wani mutum da ban sani ba. Ƙuda ya sauka a leɓensa, bai motsa ba. Wani irin tsoro ya kama ni. Duk gidajen da muka shiga a kwanakin nan suka dawo mini, zaure bayan zaure. Na durƙusa na ƙura wa ƙirjinsa ido. Na daɗe kafin in tabbata rigar tana ɗagawa tana sauka. Ko da na tabbata ban iya tashi ba. Na kori ƙudan, na zauna a gefen tabarma ina gadin numfashinsa. Matar gidan ta zo wucewa da ƙwarya ta ce mini a hankali, "Ki bar shi, a nan yake kwana yana yaro, in ya dawo kiwo." Na ce to, amma ban matsa ba.

Bai farka ba sai da inuwar ta bar mu, shanu suka fara dawowa. Ya buɗe ido ya kalli rassan tsamiya, ya kalle ni, ya ce, "La'asar ta wuce ko?" Na ce ta kusa. Ya ce a ba shi buta.

Ba zan ce Baba ya zama wani mutum dabam daga ranar ba. Sabuwar shekara ta kama, mota ta dawo, ya koma ofis, kuma ba a daɗe ba mitin ya sake cinye Asabar. Amma Lahadi ya ƙwace ta. Ya ce wa direba ya riƙa hutawa, ni nake kai shi Zungur har na tafi bautar ƙasa, bayan nan Mama ta karɓa. In aka yi rashi kuma, ko yana tsakiyar me, yakan tashi ya je a yi sallar gawa da shi, har mutanen ofis suka fara gunaguni.

Goggo ba ta taɓa gane shi ba. Duk zuwan da ya yi Hamma ne, kuma duk zuwa sai ta tambayi yaron. Tun yana gwada gaya mata har ya daina. Wani lokaci yakan ƙirƙiro mata labari, ya ce yaron ya ci jarrabawa, ya ce ya yi tsawo, ya ce yana gaishe ta. Ta rasu da bazara, ana jiran ruwan fari. Yana wurin, hannunta cikin nasa. Matar gidan ta ce maganarta ta ƙarshe da aka gane ita ce a ajiye wa yaron furarsa a rufe.

Na zo gida zaman makoki. Ranar da aka share, ni na tuƙo shi zuwa Bauchi, mu biyu. Mun yi nisa, sannan na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina, ko bai ji ciwo ba da ta tafi ba ta san ya zo ba.

Ya daɗe yana kallon gonakin da aka share ana jiran shuka.

"Ai bai zo ba," ya ce. "Wanda take jira bai zo ba. Ni da nake zuwa, duk Lahadi sai na duba gidan nan ko zan gan shi."

Muka shigo gari, hadari yana haɗuwa ta gabas, masu kaya a bakin titi suna ta tattarawa. Ya ce in rage gudu, akwai rami a gaba.